Bayan An Sha Kaye: Kurakuran da 'Yan Kamfe Suka Fi Yi

Kuskuren farko, kuma mafi tsada, shi ne kashe waya. Baturen zaɓe na gama karanta sakamako sai ɗan takara ya yi ɓatan dabo, a ce ya tafi Umara ko ganin likita, manyan kodinetoci su ma su bi sahu. Wa aka bari? Ejan ɗin da ya wuni a rumfar zaɓe tun safe har aka ƙirga ƙuri'a da hasken tocila, da shugabar matan da ta bi gida-gida, da mai a-daidaita-sahun da ya yi jigilar tsofaffi bisa alkawarin za a ba shi kuɗin mai. Waɗannan ba su ci komai ba, wasunsu ma sun ɓata da 'yan uwa saboda tafiyar. Gyaran ba wuya gare shi ba: a fita ban-gajiya mazaɓa-mazaɓa cikin makonnin farko, tun ciwon bai huce ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma dogon rubutun godiya a Facebook ba ya kaiwa ga dattijon da ya ba da zaurensa aka riƙa taro.

Godiyar ma kada ta tsaya a baki. Akwai mai buga fosta da ke bin bashi, da mai hayar kujeru da rumfa, da mai lasifika. An saba cewa "ka yi haƙuri, ka ga dai yadda abin ya kasance", alhali shi sana'arsa ya yi, bai tsaya takara ba. A rubuta bashin, a kira kowa a faɗa masa ranar biya, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Sai batun takardu, inda nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba da kwana 21 kacal daga ranar bayyana sakamako domin shigar da ƙara, kotun zaɓe kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Amma sai a shafe makon farko ana jaje da kukan an yi murɗiya a gidajen rediyo, takardar sakamakon zaɓe ta EC8A da ejan ya karɓo daga akwatinsa tana ninke a aljihun riga, wata ta jiƙe, wata an ƙulle ƙosai da ita. Alƙali ba ya aiki da "kowa ya san mu muka ci". Akwati-akwati yake son a nuna masa, da takarda da shaida. Don haka tun daren zaɓe a naɗa mutum guda a kowace mazaɓa ya tattara su, a ɗauki hoto, a adana. Ko ba za a je kotu ba, babu malamin da ya fi su: su ne za su nuna unguwar da aka cika fili ranar gangami amma akwati ya tashi fayau.

Zagin talaka kuwa, ban san ribar da ake samu a ciki ba. "Sun sayar da 'yancinsu a kan taliya", in ji matasan soshiyal midiya. To, ko da hakan ta faru, su ɗin dai za ka koma wa bayan shekara huɗu, kuma ba sa mantuwa. Haka nan farautar wanda ya yi zagon ƙasa. Wani lokaci da gaske an yi, amma a zauna a ɗaki da alƙaluma a hannu a tantance, kada a saki sojojin baka su yi ta jifan dattawan jam'iyya da zargi.

Akwai kuma gaggawar sauya sheƙa. Kafin a rantsar da sabuwar gwamnati wasu sun canza hula. Kowa da lissafinsa, amma a duba tarihi kafin a yi tsalle. Rabi'u Musa Kwankwaso ya faɗi a hannun Malam Ibrahim Shekarau a 2003, ya dawo kujerar gwamnan Kano a 2011. Muhammadu Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya ci a 2015. A Nijar, Mahamadou Issoufou ya fara neman shugabanci tun 1993, bai samu ba sai 2011, yana nan a jam'iyyarsa ta PNDS. Kowannensu ya dawo ne da mutanen da suka zauna da shi lokacin da ba shi da kwangilar rabawa, kuma sabon gida yakan ajiye baƙo a bayan layi.

Shi kuwa ƙaramin ma'aikacin kamfe, kada ya zauna jiran a kira shi. Ya koma shagonsa ko makarantarsa, ya riƙe littafin da ya rubuta sunayen mutanen mazaɓarsa da lambobinsu, ya ci gaba da zuwa suna da jana'izarsu kamar yadda yake yi lokacin da ake neman ƙuri'a.