Idan allura ko ƙusa ta soke ka a yatsa

Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti a cikin birnin Kano, a ɗakin wankin ciwo nake aiki. Masu zuwar mana da yatsa a ɗaure da tsumma sanannu ne: telolin Fagge da allurar keke ta huda wa farce, masu ɗinkin takalma na Ƙofar Wambai da basilla ta zame musu, kafintoci, 'yan gwangwan, da matan da ƙayar kifi ta soka wajen gyara. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba sa zuwa ranar da abin ya faru. Sai yatsa ya haye, zogi ya hana barci. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Wallahi Malam, ɗan ƙaramin ciwo ne, ko jini bai yi ba."

To, irin wannan ciwon ne nake tsoro. Yankan wuƙa bakinsa a buɗe yake, jini yana wanke shi, ruwa yana shiga. Suka kuwa bakinta tsukakke ne, cikinta da zurfi, ta tura datti can ciki sannan ta rufe.

Da zarar abu ya soke ka, ajiye aikin. In akwai zobe a yatsan, cire shi tun bai kumbura ba. In jini yana zuba sosai, danne wurin da ƙyalle mai tsabta, ka ɗaga hannun sama. In minti 10 suka wuce bai tsaya ba, sai asibiti. In kaɗan ne yake tsattsafowa, bar shi ya fito. Daga nan sai wanki da sabulu da ruwa mai gudu, kamar na minti biyar. Na san famfo ba kullum yake kawo ruwa ba. Sayi fiya wata leda uku, ka huda ƙaramar kafa, ka riƙa matsawa ruwan yana dukan bakin ciwon. Ka tsane shi, ka goga aidin, ka rufe da filasta. Duk sanda ta jiƙe, wajen alwala ko wanke-wanke, ka sake wata.

Don Allah a daina zuba man birki. A daina sa baƙin mai, kananzir, toka, ƙasa ko yanar gizo-gizo. Wasu suna ƙona nama, wasu kuma su ne ma ke kai ƙwayar cutar ciki da hannunka.

Tela kuma ya duba allurarsa. In tsininta ya karye kuma ba a ga guntun ba, kada a sa reza ana tono. A je a ɗauki hoton yatsan, ƙarfe yana fitowa a hoto.

Yanzu ga babbar maganar, cutar sarƙewar haƙora, wadda a asibiti muke ce wa tetanus. Mutane sun ɗauka tsatsa ce ke kawo ta, har mutum ya ce ai ƙusar sabuwa ce. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa, da ƙura, da kashin dabbobi, tana iya shekaru a haka ba ta mutu ba. Sabuwar ƙusar da ta faɗi a tsakar gidan da ake kiwon awaki tana iya ɗauko ta. Ba ta son iska, shi ya sa rami mai zurfi irin na suka ya fi mata daɗi. A can take fitar da dafin da ke bin jijiyoyi yana sandarar da jiki. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan ciwon ya warke har an manta da shi.

Saboda haka tambayar da nake fara yi ita ce, yaushe rabonka da allurar rigakafinta? A ciwon suka, in ka taɓa samun allurai uku ko fiye, kuma ta ƙarshen ba ta wuce shekara 5 ba, wanki da lura sun wadatar. In ta wuce, a ƙara maka ɗaya. In kuwa ba ka sani ba, ko ba su kai uku ba, ka je a ranar: za a fara maka rigakafin, kuma likita zai duba ko kana bukatar ɗaya allurar da ake kira ATS ko TIG, wadda ke ba da kariyar gaggawa ta ɗan lokaci. A lura, allurar rigakafi guda ɗaya a kemis ba ta gama aiki ba. Ana komawa ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida. A rubuta ranakun a ajiye.

Yara suna samun nasu cikin allurar rigakafin jarirai da ake kira Penta, a mako 6, 10 da 14 da haihuwa. Mata suna samu a wajen awo. Magidanta maza ne aka bari a baya, alhali su ne hannunsu ke cikin ƙarafa kullum. Maigidan shago, ka tambayi yaranka tun kafin wani abu ya faru.

Kwanakin da ke biye, ka sa ido a kan yatsan. Kumburi, zogi mai bugawa, mugunya, kaluluwa a hammata, zazzaɓi, ko ka kasa miƙe yatsan saboda ciwo, duk suna nufin ka dawo a duba, kada a jira ya nuna. Mai ciwon suga ma kada ya tsaya jiran alama. In kuwa muƙamuƙi ya fara riƙewa, haɗiya ta yi wuya, wuya ya sanƙare, ko jiki yana fizga in an yi ƙara, kada a ce iska ce a tsaya a gida. A yi addu'ar a kan hanya, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Allurar sirinji da aka yi wa wani amfani da ita, irin wadda masu tonon bola ke gamuwa da ita, hukuncinta daban ne. Ban da tetanus, akwai batun ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. A wanke, a tafi asibiti nan take, domin maganin kariya daga mai karya garkuwar ana fara shi ne kafin awa 72 ta cika, kuma gara a awannin farko.