Babi na Bakwai: Sauya wa Rauta Manhajar Ciki

Darasi na 1: Ku juya rautar

Rauta ita ce 'yar akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet a gida ko a shago. Tana zuwa da manhajar da kamfani ya zuba mata. Yau za mu sauya ta da OpenWrt, wadda kyauta ce, masu sa kai ke kula da ita tun 2004, kuma suna ci gaba da toshe mata ɓaraka ko bayan kamfani ya daina waiwayar rautar.

Kada ku kunna komai tukuna. Ku juya rautar, cikinta ya kalli sama. Kun ga farar takardar da ke manne? Abu biyu za ku nema a kanta. Na farko suna, misali Archer C7. Na biyu wasu ƙananan haruffa uku, V, e, r, da lamba a gabansu, misali Ver: 5.0. Ku kwafa duka biyun a littafinku. Wanda rubutun ya yi wa ƙanƙanta ya ɗauki hotonsa da waya ya buɗa. Ba abin kunya ba ne, ni ma sai da tabarau.

To, ku sake dubawa. Lambar da ke littafi ita ce a takardar? Madalla. A nan kusan kowa ke tuntuɓe, shi ya sa nake nanatawa. Archer C6 mai lamba 2 da mai lamba 3 sunansu ɗaya, kayan cikinsu daban, kamar Musa biyu a layi ɗaya, kowa da gidan ubansa. Ko saye za ku yi a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ku ce: "Malam, juya min ita in ga lambar." Ku kuma guji masu ma'ajiyar megabait 4, irin yawancin TL-WR841N, sabuwar OpenWrt ba ta shiga cikinsu. Mai 16 ta fi.

Darasi na 2: Sauke fayil

Ku buɗe openwrt.org, ku nemo sunan rautarku. Jeri zai fito. Ku ɗora yatsa a kan lambar da ke littafinku, sannan ku zaɓa. Fayil biyu ne, mai kalmar factory da mai kalmar sysupgrade. Na farkon shi ne na wanda zai fara.

Haba jama'a! A ajin bara sau nawa na faɗa, amma wani bawan Allah ya ce ai ya haddace, bai rubuta ba. Ya zuba na wata lambar, rautarsa ta mutu murus, ya dawo yana cewa Malam bai faɗa ba. Na faɗa. Ga shi kuma ina sake faɗa: ku juya rautar, ku karanta lambar, ku gwada da sunan fayil ɗin harafi bayan harafi. Wanda bai rubuta ba kada ya wuce wannan shafin.

Darasi na 3: Zubawa

Ku haɗa kwamfuta da rautar da kebul, a ramin rautar da aka rubuta LAN. A burauza ku buga adireshin da ke kan takardar nan, ku shiga wurin da aka rubuta Firmware Upgrade, ku zaɓi fayil ɗin. Ku jona rautar a inbata ko sola, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar zubi, ta lalace. Ku dubi lambar sau ɗaya kuma, sannan ku danna. Ku ba ta minti biyar, kada a taɓa ta.

Darasi na 4

In zubi ya gama, a burauza ku buga 192.168.1.1, adireshin shiga OpenWrt. Sunan shiga root. Ku sa kalmar sirri nan take.

Darasi na 5

Wi-Fi a kashe take zuwa. Ku shiga Network, sannan Wireless, ku sa mata kalmar sirri, ku kunna.