Darasi na 9: Ina Jinin Yaro Yake Tafiya?

Malami zai rubuta waɗannan kalmomi a allo, kowa ya karanta da ƙarfi sau biyu kafin a shiga labari: jini, tsargiya, mafitsara, ƙoda, leda.

Labari

Wani manomin shinkafa a bakin tafkin Maga, a arewacin Kamaru, yana da ɗa ɗan shekara 10. Idan rana ta take, ba inda za ka sami yaron sai cikin ruwan da aka jawo wa gonaki, shi da sa'o'insa, suna ninƙaya suna kamun ƙananan kifi. Ran nan ya tsuguna a bayan danga, uwarsa ta wuce ta ga jan ɗigo a kan yashi.

Da dare ta ce, "Malam, yaron nan fa jini yake fitsarwa."

Ya ce, "Ke ma dai. Wane yaro ne bai yi ba? Ni ma na yi, babana ma ya yi. Girma ne ya zo masa."

Aka bar maganar. Shekara ta zagayo, damina ta sauka, zazzaɓi ya kayar da yaron. A kwana na uku ko kunu ba ya iya sha, numfashinsa sama-sama. Suka ɗauki mashin zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, cikin ido fari fat. Ta buɗe tafin hannunsa, shi ma kamar an wanke da toka. Aka ɗiga jini daga yatsa aka auna.

Ta ce, "Baba, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Sai an ƙara masa yanzu. Mene ne rukunin jininka?"

Ya ce, "'Yata, ban san ma jini yana da rukuni ba. A faɗi kuɗin, in je in sayar da buhu biyu."

"Akwai kuɗin gwaji da na ledar jini. Amma shi kansa jinin sai an sami mutum ya miƙa hannu."

Ƙanen uwar yaron ne ya miƙa, aka yi sa'a nasa ya dace. Kafin asuba yaron ya buɗe ido ya ce zai sha ruwa.

Tsargiya

Abin da manomin ya kira girma, sunansa tsargiya, kuma tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. Cutar kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba, don a 1910 an sami ƙwanta a cikin ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, waɗanda suka mutu shekara kusan 3,000 da suka wuce.

Ga yadda take zagayawa. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito sai ya nemi ɗan ƙaramin dodon koɗi, irin wanda ke maƙale a jikin ciyawar bakin ruwa, ya shige cikinsa. Bayan 'yan makonni sai 'ya'yan tsutsa dubbai su fito daga dodon koɗin nan guda, suna yawo a ruwa, ido ba ya ganin su. Sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, ko da babu rauni ko ƙuje. Wani yakan ji ɗan ƙaiƙayi bayan ya fito daga ruwa, wani ko wannan ba ya ji.

A cikin jiki tsutsar takan girma, ta zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, namiji na rungume da mace, su yi shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini kamar ƙaya. Wasu su huda bangon mafitsara su fita, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Wasu su maƙale a ciki, kuma waɗannan su ne masu babbar ɓarna.

Duk inda aka tsare ruwa ya kwanta, dodon koɗi ya sami gida. Madatsar Maga da aka yi a 1979 da ta Lagdo a kan kogin Binuwai da aka gama a 1982 sun kawo shinkafa da kifi, ta Lagdo har da wutar lantarki, ba mai musun wannan. Amma masunta, da masu dashen shinkafa, da mata masu wanki a bakin mayo, wato rafi, da yaran da ke shayar da dabbobi a kududdufi, duk suna cikin haɗari. Ba maza kaɗai take kamawa ba. A jikin mace ƙwan kan taru a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ciwon mara da zubar jini, har ya hana haihuwa, kuma sau da yawa akan ɗauka ciwon sanyi ne, a yi ta zargin juna a banza.

Gwajinta ba wuya. Ana karɓar fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, don lokacin ƙwai ya fi fita, a duba da madubin likita. Maganinta ƙwaya ce mai suna furazikwantel. Ana ba da ita gwargwadon nauyi: miligiram 40 ga kowane kilo ɗaya. A makarantu, inda ba sikeli, akan tsayar da yaro a jikin wata sanda mai zane a auna tsawonsa. Tana da ɗaci, kuma takan sa jiri ko murɗar ciki na ɗan lokaci, shi ya sa ake cewa a ci abinci tukuna. Ranar da aka ce za a raba magani a makaranta, kada a tura yaro da ciki wayam, kada kuma a ɓoye shi a gida. Abu ɗaya dai: ƙwayar tana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ta hana sabuwa shiga. Wanda ya koma ruwa ya koma wa tsargiya.

Na sani, ce wa ɗan masunci kada ya shiga ruwa kamar ce wa kaza kada ta yi tono ne. Abin da zai yiwu shi ne a daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa, a yi salga. Ruwan wanka kuma, idan daga tafki aka ɗebo, a bar shi a randa ya kwana biyu, 'ya'yan tsutsar ba sa rayuwa fiye da haka in ba su sami fata ba.

Ƙoda

Ƙoda biyu ce, kowace kamar dunƙulen hannu, a baya ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ce matacin jini. Daga kowace ƙoda akwai siririyar hanya da fitsari ke bi zuwa mafitsara. Ƙwan tsargiya da suka maƙale sukan sa wannan hanya ta yi tabo ta tsuke. Fitsari ya rasa wurin wucewa, ya koma baya, ƙoda ta kumbura kamar salka, ta riƙa lalacewa a hankali ba tare da wani ciwo mai tsanani ba. Yaron da ya daina fitsarin jini da ya girma sai a ce ya warke, alhali ɓarnar tana nan. Tsohuwar tsargiya tana iya jawo ciwon daji na mafitsara kuma.

Idan ƙoda ta gaza, sai wankin ƙoda da na'ura, sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Akwai wurin yin haka a Garwa, amma ku lissafa kuɗin mota kawai ga mutumin ƙauye, mako bayan mako. Kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa ko raguwar fitsari, duk dalili ne na zuwa asibiti. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda a wurin manya, sai kuma yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur.

Ƙoda tana da wani aiki da ba kowa ya sani ba. Ita ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera sababbin ƙwayoyin jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda kusan kullum yana fama da ƙarancin jini.

Ɓarayi uku

Tsargiya tana satar jini ɗigo-ɗigo. Wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi tana maƙalewa a hanji tana tsotsa. Na ukun, zazzaɓin cizon sauro, shi ba ya sata a ɓoye: ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su, cikin kwana biyu ko uku yaro ya yi fari. Abin da ya sami ɗan manomin ke nan. Tsargiya ta daɗe tana rage tulun, zazzaɓi ya zo ya tuntsurar da sauran.

A yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru ana bi gida-gida da damina ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. A watan Janairun 2024 kuma Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin wannan zazzaɓi cikin rigakafin yara na yau da kullum. Duk da haka gidan sauro bai huta ba.

Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wanda yaro ke jijjiga ya suma, yakan bar wa wasu yaran tabo bayan sun tashi: saurin fushi, rashin zama wuri ɗaya, mantuwa, wuyar karatu, wani har farfaɗiya. Iyaye kan ce iska ce ta taɓa shi, ko kuma taurin kai ne, a hau shi da bulala. A mai da shi wurin likita a ba da labarin zazzaɓin, akwai taimakon da ake yi.

Wake, kifi, hanta, nama, zogale da rama suna taimaka wa jiki gina jini. Amma zancen cewa zoɓo zai mayar da jini don shi ma ja ne, a bar shi. A sha zoɓo don daɗi. Yaron da idonsa ya yi fari yana haki, asibiti yake bukata a daren.

Ƙarin jini

Har yau babu masana'antar da ke yin jini. A 1901 wani likita a ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin mutane ba iri ɗaya ba ne. Kafin nan in an ƙara wa mutum jini, wani ya tashi, wani ya mutu nan take, ba a san dalili ba. Rukunin huɗu ne: A, B, AB, O. Kowane kuma yana da alamar + ko −. Ranar haihuwar mutumin nan, 14 ga Yuni, ita aka ware a duniya don girmama masu ba da jini.

Idan aka sa wa mutum jinin da bai dace da nasa ba, jikinsa zai farfasa baƙon jinin, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta toshe. Don haka ko uwa ce za ta ba ɗanta sai an gwada, domin ɗa ba lalle ya ɗauko rukunin uwarsa ba. Ana kuma bincika kowace leda don ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Gwajin nan ne ke cin lokaci, kuma lokacin ne yaro mai haki ba shi da shi. Ledar da aka riga aka gwada aka ajiye a firiji tana kai kwana 35, ita ce ke ceton mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, da wanda ya yi hatsari a hanyar Marwa, da yaro mai sikila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na sha jin magidanta suna cewa in an ɗebi jininsu ƙarfinsu zai tafi, ko ba za su ƙara haihuwa ba. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai cika ledar ruwa ta rabin lita ba. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Allurar sabuwa ce, a gabanka ake ɓare ta. Mai lafiya da ya kai shekara 18 da kilo 50 zai iya bayarwa, namiji bayan kowane wata uku, mace bayan wata huɗu. Mai ciki, da mai jego, da wanda zazzaɓi bai daɗe da sakinsa ba, su dakata. A ci abinci a sha ruwa kafin a je, kuma ranar kada a hau dogon aikin ƙarfi.

Mace mai alamar − ta tabbata ta faɗa wa masu awon ciki, don akwai allurar da ake yi mata cikin kwana uku bayan haihuwa saboda kare cikin da zai biyo baya.

Aiki

A rubuta a littafi, layi ɗaya-ɗaya: A+, A−, B+, B−, AB+, AB−, O+, O−. Takardar asibiti a nan yawanci da Faransanci take, amma waɗannan haruffa ba sa canzawa, da su za ka gane naka.

Lissafi: ƙwayar maganin tsargiya guda ɗaya miligiram 600 ce. Yaro mai kilo 30, miligiram nawa ya kamace shi, kuma ƙwaya nawa ke nan? Wannan don koyon lissafi ne, ma'aikacin lafiya shi ke auna wa yaro magani.

Tattaunawa: a ƙauyenku ko unguwarku, wane ruwa yara ke shiga da rana? Me ake cewa idan aka ga yaro yana fitsarin jini?

Kafin zama mai zuwa, wanda ya san rukunin jininsa ya rubuta shi a bangon littafinsa ƙarƙashin sunansa. Waɗanda ba su sani ba su ba malami sunayensu, a sa rana a tafi asibiti tare a gwada.