Yadda za ka duba binciken halayyar ɗan Adam kafin ka kwafo shi cikin furojet ɗinka

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo sai ka ga ɗalibai, musamman masu karanta ilimin halayyar ɗan Adam da na fannin koyarwa, sun shiga intanet sun sauke takardar tambayoyin da wani Bature ya tsara, a buga ta a shagon hoto-kwafi, a raba wa mutum ɗari biyu, a zo a rubuta wai "bincike ya nuna mutanen Kano kaza ne". Tsaya tukuna ɗan'uwa. Kafin ka kashe kuɗin takarda, akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka fara yi wa kanka: wannan abin da na ɗauko, a kan su wa aka gwada shi?

Buɗe takardar binciken da tambayoyin suka fito daga cikinsa ka wuce gabatarwa, ka je kai tsaye inda aka faɗi mutanen da aka yi binciken da su. Za ka sha mamaki. A 2010 wasu masana uku, Henrich da Heine da Norenzayan, sun nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba, kuma yawancinsu 'yan Amurka ne, da yawa daga cikinsu ɗaliban jami'a. Ka ga kenan idan littafi ya ce "ɗan Adam yana yin kaza", sau da yawa yaro ɗan shekara ashirin ake nufi a wata jami'ar Amurka, ba ɗan kasuwar Kantin Kwari ba, balle tsohuwar da ke saida ƙosai a Gwale.

Daga nan sai ka ƙirga maza nawa ne mata nawa ne. Gwajin biyayya na Milgram, mai auna yadda mutum ke bin umarnin na gaba da shi, da ake koya mana a aji ɗaya, wanda ya buga a 1963, maza arba'in ne cif, ba mace ko ɗaya. Kohlberg da ya tsara matakan tarbiyya da sanin daidai da ba daidai ba, da yara maza 72 ya fara a Chikago, sai daga baya aka zo ana auna mata da ma'aunin, ana cewa wai ba su kai maza ba, har Carol Gilligan ta yi masa raddi a 1982 ta ce ma'aunin ne bai ji yadda mata ke duba lamarin ba. To kai ma kar ka maimaita kuskuren nan a cikin gari. Abu ne mai sauƙin faruwa wallahi, ka je unguwa ka tsaya a majalisa ko ƙofar masallaci bayan la'asar, duk wanda ya cike maka takarda namiji ne, ko ka yi sallama a zaure maigida ya fito ya karɓa ya ce ba komai zai amsa wa iyalinsa. Wannan amsar maigida ce, ka rubuta ta a haka. In kana son jin ta bakin mata, nemi mace ta shiga cikin gida, a fara sanar da mai unguwa, kuma a zauna da matar ita kaɗai, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, don a gabansu ko me aka tambaye ta "lafiya lau" za ta ce.

Inda aka fi yin ɓarna a ganina shi ne tambayoyin kansu. Ɗauki ma'aunin Rosenberg na darajar kai, mai tambayoyi goma, wanda aka tsara a 1965 da 'yan sakandaren jihar Niyok. A ciki ana so ka ce ka yarda kana da kyawawan halaye da yawa. Mu da aka rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, ta ina dattijo ɗan Fagge zai buɗe baki ya ce eh ni mutumin kirki ne ƙwarai? Cewa zai yi sai dai mutane su faɗa. Kai kuma ka koma ka lissafa ka ce yana raina kansa, alhali kawaici ya yi maka. Haka batun shaƙuwar uwa da ɗa, Mary Ainsworth ta tsara gwajin da ake fitar da uwa daga ɗaki a dawo da ita a ga yadda jaririn zai yi, kuma don a yi mata adalci, ita a Yuganda ma ta fara lura da uwaye tun wajajen 1954. Amma kawo gwajin nan gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban baƙi, yaron kuma yana hannun kaka da goggo da yayye tun safe. Wanda bai san kunya ba zai rubuta cewa matar ba ta damu da ɗanta ba, matar da in ya yi zazzaɓi ba ta runtsawa.

Abin yi a nan shi ne fassara biyu. Ka ba wani ya mayar da tambayoyin Hausa, sannan ka ba wani daban wanda bai taɓa ganin na Turancin ba ya mayar da Hausar Turanci, ka jera su ka ga inda ma'ana ta zame. Kalmar damuwa kaɗai ta isa ta wahalar da kai, don wanda bashi ya dama da wanda ke fama da ciwon damuwa na asibiti duk "ina cikin damuwa" za su ce maka, wani kuma ba zai ma ambaci damuwa ba, sai ya ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙi zuwa. Bayan fassarar gwada ta a kan mutum goma ko sha biyar, maza da mata, masu boko da waɗanda allo da islamiyya suka yi, ka riƙa tambayar su me suka fahimta da kowace tambaya. Wadda ta sa mutum ya yi dariya ko ya sunkuyar da kai, sake ta.

Wani abu kuma, idan sakamako ya fito kar ka matsa masa sai ya nuna maza da mata sun bambanta don babi na huɗu, wato babin sakamako, ya yi armashi, kuma kar ka cakuɗa su wuri ɗaya ka ɓoye bambancin in akwai shi. Fitar da lissafin kowane ɓangare daban, supabaiza ya gani da idonsa. A babi na biyar kuma rubuta ainihin waɗanda ka tambaya, in ɗalibai 150 ne 'yan ajinku to ka ce ɗalibai 150, mata kaza maza kaza, da Turanci suka amsa ko da Hausa, kuma wa ya yi musu tambayar.