Babi na Bakwai: Takardar Yarjejeniya Tsakanin Masu Haɗa Jari

Darasi na 1: Kason kowa

Iyayena da ƴan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Yau za mu koyi takardar da masu haɗa jari suke rubutawa tsakaninsu kafin su fara sana'a. Kada tsawon sunan ya ba ku tsoro. Abin da kuka faɗa da baki ne ake mayarwa a rubuce.

Ga misali. Mata uku a nan Maraɗi za su haɗu su yi man gujiya da ƙuli-ƙuli. Ta farko ta kawo jika 300. Ta biyu ta kawo jika 150. Ta uku ba ta da kuɗi a hannu, sai ta kawo injin niƙa, aka yi masa kuɗi jika 50. An tara jika 500 ke nan. Sai a yanka jarin gida-gida, kowane gida jika 5. Gidan nan shi ake kira hannun jari. Ta farko tana da 60, ta biyu 30, ta uku 10. In an ci ribar jika 100, haka za a raba ta. Ku ɗauko allo ku sake lissafin da kanku. Wanda ya ɓata ya goge ya sake, ba komai.

Ku lura da injin. Dole a yi masa kuɗi tun ranar farko, a rubuta. In an bari sai an fara cin riba, mai injin za ta ce ya fi haka, sauran su ce tsoho ne.

Darasi na 2: A karanta maka kafin ka sa hannu

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tun gyaran 2014 dokar ta yarda masu hannun jari su yi yarjejeniya tsakaninsu, muddin ba ta saɓa wa dokar ba, ba ta kuma saɓa wa takardar kafa kamfanin ba. Takardun nan yawanci da Faransanci ake rubuta su. Saboda haka, kada ka sa hannu sai an karanta maka.

A karanta layi ɗaya, a fassara shi da Hausa, a tsaya. Ka gane? In ka gane a wuce. In ba ka gane ba ka ce, "Malam, maimaita mini." Ko sau biyar ne, a maimaita. Mai karantawar kuma ya zama naka, ɗanka ɗan lakkol ko wani da ka amince da shi. Wanda ya rubuta takardar kada ya zama shi kaɗai ne mai fassara ta.

In an zo kan sunanka, ɗora yatsa a kai. Duba ko ya yi daidai da na katinka na ɗan ƙasa. Sannan ka bi da yatsa zuwa lambar da ke gabansa. Lambobi kam kun iya su, mun yi su tun babi na biyu. 60 ce ko 6? A rubuta ta da lamba, a kuma rubuta ta da kalmomi. Sai an yi duk wannan za ka dangwala yatsa.

Na sake faɗa: a karanta, a fassara, ka duba lambarka, sannan ka sa hannu.

Wallahi abin yana ɓata mini rai. Makon jiya na kawo takardar gwaji, na sa sifiri ɗaya ya ɓace da gangan, amma kusan kowa ya miƙo babban yatsa kafin in buɗe baki. Wata Hajiya ta ce mini, "Ai Malam, kunya nake ji, ƙanen maigidana ne abokin haɗin." Hajiya, kunyar me? Jikunanki 300 ne, na awakin da kika sayar. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, takardar zai duba, da yatsanki a ƙasa. Manya da ku, kuna ƙirga canji sau biyu a kasuwa, amma takardar dukiyarku ba za ku jira a karanta ba? Kada in sake ganin haka a ajin nan.

Darasi na 3: Sauran abin da za a rubuta

A rubuta wanda zai riƙe kuɗi da littafin shiga da fita, da lokacin rabon riba. In wani zai fita, a rubuta cewa abokan haɗin zai fara yi wa tayin kasonsa. A rubuta yadda za a yi da magada in rai ya yi halinsa.

Darasi na 4: Inda za a kai ta

Ku je wurin noter (mai tabbatar da takardu a hukumance) ko lauya da katunanku da shaidu biyu. Rajistar kamfanin kuma ita ake kira RCCM, lambar haraji NIF. Kowa ya karɓi kwafinsa ya adana a leda. A can ma sai an karanta maka.