Yadda ake shiga ƙungiyar masu gogen Turawa da girmanka, ka yi kiɗa da mutane ba tare da ka ɓace a hanya ba

Wannan rubutun na manya ne, irin waɗanda suka ɗauki gogen Turawa, biyolin ko babban ɗan'uwansa celo, bayan sun yi aure sun tara iyali, suna koyo a ɗaki da daddare in yara sun yi barci, yanzu kuma suna son su shiga cikin jama'a. A nan Ingila inda nake kusan kowane gari akwai irin wannan ƙungiyar, ma'aikatan asibiti ne da direbobi da malaman makaranta da 'yan fansho, ana haɗuwa sau ɗaya a mako a zauren wata makaranta ko coci, ba wanda ake biya, mu ne ma muke biyan kuɗin zango don a biya hayar zaure da jagora, wato mai tsayawa a gaba yana ba makaɗa lokaci da hannu. Kuma abin da ke damuna shi ne yadda sababbi ke zuwa da zumuɗi, su yi 'yan makonni sai ka neme su ka rasa, in ka kira mutum ya ce ai hannunsa bai faɗa ba tukuna. Wallahi yawanci ba hannu ba ne. Ƙirga ce ke korar su, da rashin sanin inda ake.

Mataki na farko, ka nemi ƙungiya daidai kai. Kar ka je inda suka ce sai mai giredi 7 ko 8, wato manyan matakai na jarrabawar kiɗa ta ABRSM, alhali kai bara ka fara, za ka sha wuya a banza kuma ka tsani abin. Akwai waɗanda aka kafa musamman don wanda ya fara da girma, misali East London Late Starters Orchestra da aka kafa a 1982 a gabashin Landan, su ba sa yi wa mutum gwajin shiga. Shafin Making Music yana da jerin ƙungiyoyin sa-kai na Birtaniya, ka sa sunan garinku ka duba. Wanda ke Legas ya leƙa cibiyar kiɗa ta MUSON a Onikan ya yi tambaya. In kuma babu komai a garinku to ku haɗa taku mana, mutum shida ma sun isa a fara. A Kinshasa wani tsohon matuƙin jirgin sama Armand Diangienda ya fara tasu a 1994 da mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe goge ba, kayan kiɗan ma ba su ishe su ba sai karɓa-karɓa ake yi, yau ga shi duniya ta san su.

Zancen kaya ba zan ja shi ba. Ka yi haya a shagon masu gyaran goge kafin ka saya, kuma don Allah kar ka sayi irin biyolin ɗin nan mai arha ta intanet wadda kunnuwanta ke sulɓewa jakinta a karkace, kuɗin da za ka kashe wajen gyara ya fi kuɗinta. A jakarka kullum a samu ƙaron goga wa izga, tsirkiya ta ko-ta-kwana, fensir 2B da abin goge rubutu. Biro haramun ne a kan takardar ƙungiya, yawanci aro ake yi kuma za a mayar. In kana da tabarau na karatu ka gwada shi a gida tukuna, don takardar tana da nisa fiye da littafi a hannu, mutane da yawa sai sun zauna suke gane ba sa gani.

Sai zaɓen sashe. Sashe biyar ne, biyolin ta ɗaya, biyolin ta biyu, biyola wadda ta ɗan fi biyolin girma, celo, sai dabul bas wanda ya fi duka girma. Kowa so yake ya zauna a ta ɗaya saboda su ke riƙe da waƙar. Ni dokata ita ce sabo ya fara a ta biyu, a tebur na tsakiya, tebur shi ne abin ɗora takardar kiɗa, kusa da wanda ya daɗe. Ba can ƙarshen baya ba inda masu kunya ke gudu su ɓuya, don a baya ne aka fi wahala, ba ka ganin jagora sosai, ba ka jin na gaba, kuma babu kowa a bayanka da zai tallafe ka da sauti. In kuma ba ka riga ka zaɓi abin kiɗa ba, ɗauki biyola. Ko'ina neman masu biyola ake yi, da hannu biyu za a karɓe ka, illa dai sai ka koyi karanta mabuɗinta na alto, wato tsarin rubutun sautinta a takarda, wanda ya bambanta da na biyolin.

Ka zo da wuri ka saita gogenka da manhajar waya kafin a fara. In lokaci ya yi shugaban biyolin ta ɗaya zai ba da sautin A, wanda manhajar waya ke nunawa a 440, kowa ya daidaita da shi a hankali, daga nan ka bi sauran tsirkiyoyin, G D A E ga biyolin, C G D A ga biyola da celo. A hankali na ce. In ka gama ka yi shiru, ba lokacin nuna abin da ka iya ba ne, na kusa da kai bai gama jin tasa ba.

To yanzu ga inda nake so a tsaya, don nan ne ake zubewa.

A gida kai kaɗai, in ka zo wuri mai wuya kana rage gudu ba tare da ka sani ba, in ka yi kuskure ka koma baya ka gyara, in ka zo wurin shiru na gaɓa takwas, gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa mai ƙayyadadden adadin bugu, ka tsallake shi don me za ka zauna kana jira. Duk waɗannan ukun a cikin ƙungiya guba ne. Kiɗan ba ya jiran kowa. Abin kamar lugude ne, mata uku a turmi ɗaya, wadda ta yi jinkirin ɗaga taɓarya ko ta yi gaggawa ba ita kaɗai ta ɓata ba, dakan gaba ɗaya ta tsayar. Saboda haka tun a gida ka canza yadda kake bita. Kunna metronom a waya, manhajar da ke buga maka lokaci, kyauta ne, sa shi a gudun da ya yi maka sauƙi ƙwarai ko da bugu 60 ne a minti, ka kaɗa shafin daga sama har ƙasa ba tsayawa, ka yi kuskure ka wuce, yatsa ya zame ka wuce, kuma wurin shiru ka ƙirga shi cif da baki. Gyaran wurare masu wuya daban ne, a yi shi a wani zama, amma kullum a rufe da wannan kaɗawar da ba a tsayawa.

Yadda ake ƙirga shiru mai tsawo kuwa, lambar farko ce ke canzawa. In bugu huɗu ne a gaɓa sai ka ce ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, uku biyu uku huɗu, haka har ka kai. Ka riƙa dannawa da yatsun hagu a jikin gogen, yatsa ɗaya gaɓa ɗaya, saboda hankali na iya tafiya amma yatsa na nan inda ka bar shi. Ni da Hausa nake ƙirgawa a zuci kuma ina ba kowa shawarar haka, don ɗaya, biyu, uku, huɗu kowanne kashi biyu ne a baki, ɗa-ya bi-yu u-ku hu-ɗu, kenan rabin bugu ya fito maka da kansa ba sai ka ƙara komai ba. Kuma gaɓa biyu kafin shigarka goge ya riga ya hau kafaɗa, izga na kan tsirkiya. Sau da yawa na ga wanda ya ƙirga daidai amma gogen na kan cinya, kafin ya ɗaga an wuce shi, sai ya rikice ya fara lalube, shi kenan shafin ya tafi.

Kar kuma ka dogara da ƙirga kaɗai. Ka san abin da ke faruwa kafin ka shiga. In celo ne ke shigowa gaɓa biyu kafin ku, rubuta celo da fensir a daidai wurin, in ka ji su ka san saura biyu ko da lissafinka ya kwance. Wannan ya sa nake cewa ka nemi kiɗan a YouTube ka saurara da takardarka a hannu kana bi da yatsa, a mota, a wurin hutun aiki, ko'ina, har kunnenka ya san hanyar. Yawancin tsofaffin kaɗe-kaɗen akwai cikakkiyar takardarsu kyauta a shafin intanet na IMSLP, wadda ke nuna duk sassa biyar a jere, ka duba ka ga wa ke yin me lokacin da kai kake shiru.

Sai ido. Sabo yana manne idonsa a takarda kamar za ta gudu. Daidaita tsayin teburin yadda hannun jagora zai kasance a saman takardar kaɗan, kana karatu kana ganin motsinsa ta gefen ido. A bugu huɗu hannunsa ƙasa yake yi, sai hagunsa, sai damansa, sai sama. A bugu uku ƙasa, dama, sama. Ko ka manta komai riƙe wannan, duk lokacin da hannu ya sauko ƙasa to farkon gaɓa ne. Inda ake rage gudu ko ake tsayawa zana ɗan tabarau da fensir a wurin, alamar ɗago kai kenan, duk makaɗa haka suke yi. Kuma kar ka jira sai ka ji na gaba sun kaɗa sannan ka bi, in ka yi haka kullum kana baya da ɗan kaɗan, na bayanka ya bi ka shi ma ya ƙara nasa, sai sashen ya zama jela.

Gaggawa ita ma cuta ce, kuma abin mamaki a wuri mai sauƙi ake yin ta. Wurin da aka ce a tsinka tsirkiya da yatsa, wato fizikato, nan kowa ke gudu saboda sautin na mutuwa nan take sai mutum ya ji kamar akwai rami ya yi sauri ya cike. Haka dogon sauti mai bugu huɗu, sai a sake shi a uku da rabi. Maganin dai ɗaya ne, ƙirga rabin bugu a zuci, kuma ka ajiye kunne ɗaya wajen celo da dabul bas don su ne ƙasan ginin. Masu celo kuma ku ji tsoron Allah, in an ba ku abu mai maimaituwa irin kiɗan nan Kanon na Pachelbel inda sauti takwas kacal kuke ta juyawa daga farko har ƙarshe, gundura ce ke sa ku ja kowa da gudu.

In ka ɓace fa? Za ka ɓace, kowa na ɓacewa, har waɗanda suka shekara ashirin. Abin da ba a yi shi ne ci gaba da kaɗa abin da ka san ba daidai ba ne da ƙarfi, ko ka sauke goge ka haɗe rai. Ɗaga izga kaɗan daga tsirkiya, saurara, duba inda harafi ko lambar gaɓa ta gaba take a takarda, ka jira a iso can ka shiga. Abokin teburinka in mai kirki ne zai nuna maka da kan izga. In wurin gudu ne yatsunka ba su kai ba, kaɗa sautin farko na kowace gaɓa kawai ka bar sauran, kana cikin tafiyar kenan, mako mai zuwa ka ƙara na bugu na uku, a hankali ramukan za su cike. Sauti ɗaya a kan lokaci ya fi amfani ga ƙungiya a kan takwas a makare. Na ga wata baiwar Allah nas ce, tana zuwa rihazal, wato bitar ƙungiya, kai tsaye daga aiki da kayan asibiti a jaka, zango guda cur haka ta yi a wani kiɗa mai sauri, farkon gaɓa kawai, ba ta ji kunya ba, kuma ba ta taɓa ɓata wa sashenmu lokaci ba, ranar wasa kuwa ta kaɗa kusan duka.

Sauran ladubban a gurguje. Izgarka ta bi ta teburin gaba, in sun ja ƙasa ka ja ƙasa, alamar da ta yi kama da ƙofa ja ƙasa ce, mai kama da V tura sama, in an canza a gaba a rubuta a miƙa baya. Mutum biyu ke raba tebur ɗaya, wanda ke ciki nesa da 'yan kallo shi ke juya shafi, ya daina kiɗa da wuri ya juya don na waje ya ci gaba. In layi ya rabu biyu na waje ya ɗauki na sama na ciki na ƙasa. Jagora ya tsayar a tsaya nan take, ban da ƙarasa layi, ban da hira lokacin da yake gyara wa wani sashe don abin da ya gaya musu sau da yawa ku ma zai zo kanku. Tambaya a kai ta wurin shugaban sashe. Inda aka rubuta p a sassauta da gaske, mutum goma na kaɗa abu ɗaya ba sai an ji ka kai kaɗai ba. Kuma kar ka gyara wa babba ɗan'uwanka kuskure sai in ya tambaye ka, ba aikinka ba ne, da ƙyar wasu suka iya fitowa daga gida.

Lokacin shan shayi a tsakiyar rihazal kar ka zauna a kujera kana danna waya, tashi ka gaisa da mutane, a nan za ka samu wanda zai ce ku haɗu ranar Lahadi ku yi bita ku biyu, kuma wannan bitar ta fi darasi mai tsada amfani wajen koyon tafiya tare.

Ranar wasa ba wani sabon abu. Baƙaƙen kaya yawanci, ka tambaya tun da wuri, mata masu hijabi ku gwada wanda za ku sa a gida da gogen a wuya don wani yadin santsi gare shi biyolin na zamewa. Kar a sa sabuwar tsirkiya ana gobe wasa, tana ɗaukar kwanaki kafin ta zauna. Jera takardu bi da bi, ci abinci mara nauyi, zo da wuri saboda sanyin waje da ɗumin zaure na kwance saiti sai ka sake. Gudun zai fi na rihazal kaɗan saboda kowa jininsa ya hau, ka sa ran haka. In an gama jagora ya yi alama a miƙe tare, ka sassauta izga ka goge ƙaro daga jikin gogen kafin ka rufe akwati, sannan ka taya a kwashe kujeru.