Yadda za ka jawo tsuntsun kurmi mai kwaikwayon murya zuwa gidanka a Kano

Masana na kiran sa Cossypha niveicapilla. Tsawonsa kamar santimita 20, ƙirji ruwan lemo, fuska baƙa, da fari a tsakar ka kamar ya ɗora hula. Gwanin waƙa ne, yana kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye, har da fiton mutum. Mazauninsa kurmi ne da duhuwar bakin rafi, irin wadda ake samu a dajin Falgore, kuma ana ganin sa tun daga Senegal har Habasha. Saran itace da yin gawayi ne ke cinye masa wurin zama. A nan arewa an fi jin sa da damina, saboda haka tun bazara ake shiri.

Fara da zaɓen lungu mai inuwa, ƙarƙashin mangwaro ko tsamiya. Doguwar bishiya kaɗai ba ta isa ba, domin tsuntsun ƙasa-ƙasa yake rayuwa. Dasa gwaiba, lemo ko lalle kusa da juna, ka bar su su sarƙe, kada ka yi musu aski.

Sai abin da ya fi wuya a gidan Bakano: a daina share wurin. Busasshen ganyen da muke tarawa mu cinna wa wuta, a cikinsa gara da tururuwa da tsutsotsi ke taruwa, su ne abincinsa. Ka yi wa uwargida bayani tun da wuri, in ba haka ba tsintsiya za ta rushe aikin kafin hantsi. Lungun nan kaɗai za a bari, sauran tsakar gida a share. Kada kuma a fesa fiya-fiya a wurin.

Ajiye kasko mara zurfi da ruwa a inuwa, a sauya kullum saboda sauro. Mage kuwa a nisanta ta.

Mazauna Bompai, Nasarawa da kewayen tsohuwar harabar Jami'ar Bayero sun fi sa rai, don akwai manyan bishiyoyi. A cunkoson Fagge da wuya ya zo, amma ruwan zai kawo wasu tsuntsayen.

In ya sauka, bayan sallar asuba da gab da magariba ne lokacin sauraro. Ka karɓe danƙo daga hannun yara, kuma kada a kai shi keji: ba kanari ba ne, gero ba zai riƙe shi ba.